Daddawar Gida da Natto na Japan: Ƙwaya Ɗaya, Makoma Biyu

Ranar da na fara buɗe ƙaramin mazubin natto a nan Japan, warin da ya bugi hancina bai bar ni a lardin Ibaraki ba, sai da ya mayar da ni tsakar gidanmu, inda gwaggona take buɗe kwandon kalwa bayan ya kwana uku a lulluɓe. Natto waken suya ne da aka turara aka bari ya ruɓa har ya yi yauƙi kamar kuɓewa, ana cin sa da shinkafa da safe. Da na bincika sai na tarar ba hancina ne ya yaudare ni ba, domin ƙwayar bakteriyar da ke yin wannan aiki, wadda masana ke kira Bacillus subtilis, ita ce dai jagora wajen nunar daddawarmu, kamar yadda binciken Farfesa Odunfa na Jami'ar Ibadan ya nuna tun a shekarun 1980. Ma'aikaciyar ɗaya ce, amma a nan ta zama masana'anta, a gida kuwa har yanzu tana hannun mata masu hura itace.

Ba wai Japanawa sun fi mu iya girki ba ne. Su ma a da cikin ƙaiƙayi da karan shinkafa suke naɗe wakensu, su jira abin da Allah zai yi, wani lokaci ya yi kyau, wani lokaci ya lalace. Abin da ya sauya lamarin shi ne, a 1905 wani masani mai suna Shin Sawamura ya ware ƙwayar ita kaɗai daga sauran ƙwayoyin da ke cikin natto, daga baya kuma Jun Hanzawa na Jami'ar Hokkaido ya dage wajen koya wa masu sana'ar yin amfani da tsabtataccen iri da mazubi mai tsabta. A yau ana fesa irin a kan wake yana da zafi, a zuba a ƙananan mazubai, a ajiye a ɗaki mai ɗumin digiri 40 ko kusa da haka na ƙasa da kwana ɗaya, sannan a sanyaya shi don a tsayar da ruɓar. Wanda ka saya a birnin Mito yau, ɗanɗanonsa ɗaya da wanda za ka saya bayan wata shida.

Gwaggona kuwa takan kwana tana dafa kalwa, ta surfe ta, ta wanke, ta sake dafawa, ta lulluɓe da buhu, sannan ta dogara da hancinta da kuma yanayin gari. Idan hunturu ya yi tsanani sai daddawar ta ƙi nuna, idan zafi ya yi yawa sai warinta ya wuce ƙima. Ina girmama wannan gwaninta ƙwarai, amma gwaninta ce da take zaune a kan mutum ɗaya, ba ta auno, kuma ba za ta iya cika tirela ba.

Inda nake ganin muna yawan kuskure, musamman mu 'yan boko, shi ne zaton da muke yi cewa faɗaɗa irin wannan aiki bai wuce a sayo babbar tukunya ba. Abin da ya yi kyau a kwalbar lita ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje yakan watse idan aka kai shi tankin lita dubu ɗari, kuma dalilan a bayyane suke. Ƙwayoyin nan masu rai ne, suna numfashi, suna fitar da zafi. Idan tanki ya ninka tsawo da faɗi sau goma, abin da ke cikinsa yakan ninka sau dubu, amma bangon da zafi zai bi ya fita sau ɗari kawai yake ninkawa, saboda haka sai an zagaya shi da bututun ruwan sanyi, in ba haka ba ƙwayoyin su dafa kansu. Iskar oksijin kuma ba ta narkewa sosai a ruwa, abin da lita ɗaya ke riƙewa bai wuce miligiram 8 ko kusa da haka ba, ƙwayoyi masu yunwa kuwa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci suke shanye shi. Dole a yi ta hura iska ana juyawa da injin ba dare ba rana, juyawar ta haifar da kumfa, kumfar ta nemi tumbatsa. Kafin a zuba iri ma sai an wanke tanki da bututunsa da tururi mai zafin digiri 121, domin baƙuwar ƙwaya ɗaya tak tana iya mamaye tankin ta jawo asarar kayan miliyoyi. Duk wanda ya san yadda wutar lantarki take a Kano ko Zinder zai gane abin da ɗauke wuta na awa ɗaya zai yi wa irin wannan tanki.

Farin magin da ke cikin miyar kusan kowane gida a ƙasar Hausa ta wannan hanya ake samun sa. Wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin ɗanɗanon a 1908, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909, amma bai yi arha har ya isa kasuwannin ƙauyukanmu ba sai bayan da masu bincike na kamfanin Kyowa Hakko suka gano wata bakteriya a 1956 wadda take cin sukari ta fitar da sinadarin. Abincin wannan bakteriya bai wuce baƙin ruwan da ke saura bayan an cire sukari daga rake ba, ko sitacin masara da na rogo. A Tailan da rogo ake yi. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, ga rake a Numan, ga masara a Kaduna, amma muna sayen ƙarshen aikin ne a leda.

Ra'ayina, wanda na san wasu abokaina malaman jami'a ba za su ji daɗinsa ba, shi ne matakin tsakiya ne ya ɓace mana. Ɗalibai da dama sun rubuta kundin digiri a kan ƙwayoyin daddawa da na nono da na kunun zaki, an ware su, an raɗa musu suna, an ajiye kundin a kanta. Abin da ban cika gani ba shi ne ƙaramar masana'antar gwaji mai tankin lita ɗari ko dubu, inda masanin ƙwayoyin halitta da injiniya da mai walda za su yi shekara suna ɓata kaya har su gane yadda za a riƙe zafi da iska. Ba na goyon bayan masu cewa mu fara da haɗa insulin ko magungunan rigakafi, domin da rarrafe yaro kan tashi. Daddawa ba ta buƙatar injin juyawa, tunda ba a ruwa ake yin ta ba, kuma tana da masu saye tun daga Sakkwato har zangon Kumasi. Busasshen iri a ƙaramar leda, da ɗakin ɗumi mai ma'aunin zafi wanda hasken rana zai iya riƙewa, da tukunyar matsi da za ta rage awannin dahuwa da cin itace, sun isa a fara. Sharaɗina kawai shi ne a yi aikin tare da matan da ke sana'ar, domin su ne suka san daddawar da ta nuna tun kafin a ɗaga buhu.