Wa Ya Shafa Taɓo A Bangon Makaranta?

Assalamu alaikum, 'yan uwana samarin majalisa.

Shekaranjiya na bi ta bakin sakandaren garinmu, sai na tarar an shafa taɓo a kan zanen faɗakarwa game da cutar ƙanjamau da ɗalibai suka yi a bango. Ban san wanda ya yi ba, kuma ba cigiyarsa na zo yi ba. Amma kunnena ya sha maganganu tun ranar da 'yan bautar ƙasa da wasu 'yan sa-kai suka kawo fenti da burushi suka tara yaran nan. Wai an zo koya musu rashin kunya. Wai ƙanjamau ciwon 'yan birni ne, mu nan ƙauye me ya haɗa mu da shi.

To, a cikinku wa ya tsaya ya kalli zanen? Ni na kalla. Wata yarinya ta zana wanzami da aska ɗaya a hannu, yara uku na jiran layi. Wani yaro ya zana mutum biyu suna cin tuwo a kwano guda, ya rubuta a ƙasa cewa wannan ba ya yaɗa cutar. Wata kuma mai ciki ta zana a layin awo. Don Allah ina rashin kunyar? Zane a bango ma ba baƙonmu ba ne, kakanninmu sun ƙawata gidajensu da dagi, kuma har yau akwai tsoffin zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu.

Abin da yaran suka zana gaskiya ne. Ƙwayar cutar tana bi ta jini, ta hanyar saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin goyon ciki, haihuwa ko shayarwa. Allurar da aka yi wa wani aka sake tsira wa wani, ko askar da ta taɓa jini ba a tsabtace ta ba, duk ƙofa ce. Sauro ba ya ɗaukar ta. Musafaha, buta, shan ruwa a moɗa ɗaya, babu ko ɗaya da ke kawo ta.

Batun cewa ciwon birni ne kuwa, mu daina yaudarar kanmu. Da an gama girbi rabinmu muna Legas, Abuja da Fatakwal wajen ci-rani. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Kuma mutum zai iya shekaru da ƙwayar a jikinsa yana noma, yana buga ƙwallo, babu alamar komai. Ido ba ya gane ta, sai gwaji, shi ma ɗan jini ne daga yatsa, kafin ka gama shan shayi sakamako ya fito. Tun 2024 ma doka ce a jihar Kano a yi gwaji kafin ɗaurin aure. Me zai sa ka jira sai an sa rana, an kai lefe, sannan ka san matsayinka?

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne bakinmu. Mutum ya ɗan rame, kafin la'asar mun yanke masa hukunci a kan benci. Mace mijinta ya rasu bayan doguwar jinya, sai a daina sayen ƙosanta, a hana yara shiga gidanta, alhali ko tana da cutar ma, wataƙila a ɗakin aurenta ta same ta. Jaririn da aka haifa da ita fa, wane laifi ya yi? Allah Ya kwatanta gulma da cin naman ɗan'uwanka matacce, mun haddace ayar tun muna makarantar allo.

Ku san abin da tsangwamar nan ke haifarwa. Maganin rage kaifin cutar kyauta ake bayar da shi a asibitocin gwamnati. Ba ya warkarwa, amma wanda ya riƙe shi kullum zai yi rayuwarsa, ya yi aure, mai ciki ta haifi ɗa lafiyayye. Sai dai tsoron kada a gan shi a layi yana sa wani ya tsallake asibitin kusa ya tafi wani gari, ranar da babu kuɗin mota ya fasa. Wani ya ƙi gwajin gaba ɗaya, ya koma kemis da jiƙe-jiƙe har ya kwanta. Da hannunmu a ciki, ko mun ƙi ko mun so.

Yaran sun ce ranar Asabar bayan hantsi za su wanke bangon su sake shafa fenti, don su gama kafin 1 ga Disamba, ranar yaƙi da ƙanjamau ta duniya. Ruwa ne matsalarsu, rijiyar makarantar ta yi ƙasa. Ni zan kawo jarka biyu a amalanke. Mai kura ko baro ya same ni a can.