Yaron da ke gadin takalma a bakin fili

A unguwarmu a Bauchi, da zarar an tashi daga Islamiyya sai yara su kafa gola da duwatsu su hau ƙwallo. Akwai wani ɗan shekara 10 da kullum yana zaune a gefe, silifas ɗin abokansa jibge a gabansa, idonsa na bin ƙwallon duk inda ta yi. Tun ranar kaciyarsa, da jini ya ƙi tsayawa har aka kwana da shi asibiti, mahaifiyarsa ta hana shi gudu. "Zauna nan, ɗan albarka, kar ka ji ciwo," haka take ce masa. Ban ga laifinta ba. Amma ina ganin zaman nan yana cutar da shi.

Himofiliya ke damunsa, wato rashin daskarewar jini da ake gado, galibi ta wajen uwa, kuma maza ya fi kamawa. Sinadarin da ke tsayar da jini, wanda likitoci ke kira fakta 8 ko fakta 9, shi ne ya yi ƙaranci a jikinsa. Mutane sun fi tsoron yanka, alhali abin da ke nakasa yaro a ɓoye yake: jini ya zuba cikin gwiwa, idon sawu ko gwiwar hannu, wurin ya kumbura ya ɗau zafi, in abin ya yawaita gaɓar ta sandare. To tsoka mai ƙarfi ita ke tallafe gaɓa. Yaron da aka zaunar, tsokarsa sakewa take yi, ƙiba ta hau shi, ɗan tuntuɓe kaɗan sai kumburi. Shi ya sa Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya ke ba da shawarar iyo, tafiya a ƙasa, hawan keke da ƙwallon tebur. Dambe da kokawa kam babu su, ko langa ma sai an yi hattara.

Tsoron iyaye yana da tushe. Allurar fakta tsada gare ta, ba a samun ta a kemis, yawancin wadda ke shigowa Najeriya ma tallafi ce daga waje. Uwar da ta san in gwiwa ta kumbura da daddare ba ta da abin yi, dole ta ɗaure ɗanta a gida. Ga kuma ɓarnar da muke yi da kyakkyawar niyya: a kai yaro wajen mai ɗori ya murza gwiwar da jini ke kwance a ciki, ko a saya masa asfirin ko diklofenak, magungunan da ke ƙara zubar jinin. Abin da ake so shi ne hutu, ƙanƙara a naɗe cikin tawul, a ɗaure a ɗaga ƙafar, farasitamol in da zafi, sannan a nemi likitan jini.

Iyo ya fi komai dacewa da su, sai dai kududdufin wanka na otal ba na talaka ba ne, ruwan ɗumin Wikki kuwa yana can Yankari, fiye da kilomita 100 daga gari. Keke dai muna da shi a kusan kowane gida. Ɗan tseren keken Ingila Alex Dowsett da wannan ciwo aka haife shi, amma a 2015 ya kafa tarihin duniya da ya yi kusan kilomita 53 cikin awa ɗaya. Shi ya samu magani a kan kari, yaranmu ba su samu ba, na sani. Duk da haka kekensa ya nuna jikin mai himofiliya ba na zama ba ne.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya da ilimi na jiha shi ne kafin 17 ga Afrilu, Ranar Himofiliya ta Duniya, su haɗa malaman wasanni na firamare da likitocin jini ko da na wuni ɗaya ne, kowace makaranta kuma ta samu teburin ƙwallo. Mu a unguwa mun yi karo-karo mun saya wa yaron hular kwano da abin kare gwiwa. Jiya da la'asar mahaifiyarsa ta tsaya a ƙofar gida tana kallo, ya zagaya layinmu sau uku a kan keken yayansa.