Bakwaini mai kilo 3 da rabi

Ni dai ban kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Jiya a gidan suna a Agege, nan Legas, ina tsugunne ina zuba wa baƙi waina, wata ta ɗaga murya don kowa ya ji: wai wasu shekara 4 suna cin shinkafar miji, ko ɓari ba su taɓa yi ba. Aka yi shewa. Na haɗiye saboda darajar masu gida, amma tun daga Agege har motar haya ta danfo ta sauke ni a Idi-Araba maganar tana ci na.

To sannu, Hajiya mai saurin haihuwa. Zo mu yi lissafi da yatsu, tunda ke gwanar ƙirga wa mutane shekaru ce. An ɗaura miki aure ana suyar naman layya. Watan azumin tsofaffi bai yi kwana goma ba muka ji guɗa. Aka ce mana bakwaini ne, muka ce Allah ya raya. Bakwaini mai kilo 3 da rabi! Kumatu kamar burodin Agege, suma har goshi, kuka kuwa har bakin titi. Kwana ɗaya aka sallamo ku.

Ni na san bakwaini, ba labari aka ba ni ba. Ɗan ƙanwata da wata bakwai ya zo, kilo 1 da ɗan ɗoriya, tafin hannun babansa ya kusa rufe shi. Sati 5 ya yi a kwalba. Bai iya kama nono ba, sai dai uwar ta tatsa a ɗura masa ta siririyar roba a hanci. Ranar suna rago kawai aka yanka, mai sunan yana asibiti, mu muna zaune a benci muna jan carbi. Da aka fito da shi ma a ƙirji take ɗaure shi dare da rana don ya samu ɗumi. Wannan shi ne bakwaini, baiwar Allah. Naki kuwa ranar suna hannu biyu ake sa wa a ɗauke shi.

Kuma kada wani ya shigo min da wa'azi. Na san malamai sun ce mafi ƙarancin ciki wata 6 ne, ɗan da ya zo bayan haka na mai gida ne. Ban taɓa yaro ba, yaro ba ruwansa, Allah ya yi masa albarka. Da bakin uwar nake.

Wa ya riƙe miki roba ranar kamu kina kelaya amai, muna ce wa dangin ango zazzaɓi ne? Wa ya koma wurin tela sau biyu a buɗa rigar amarya? Ni ce dai, juyar. Ni na ɗauki jakarki zuwa asibiti, a gabana nas ta ɗora shi a sikeli ta rubuta a kati. Shekara biyu ban faɗa wa ko mijina ba. Shi ne sakayyar, ki tsaya cikin mata ki yi min gorin abin da ba ni nake ba kaina ba? Kin san allurai nawa na sha? Kin san sau nawa na fito daga wurin likita na zauna a tasha na yi kukana na share kafin in shiga gida? Wallahi kin ci amana.

Bakwaini mai kilo 3 da rabi, ikon Allah. Ko masu auna tumatir a kasuwar Mile 12 ba su taɓa ganin irin wannan albarka ba.

Masu ɗaukar hoton rubutu ku kai mata, na yafe muku. Asabar akwai biki a Alaba Rago, ankon ma na karɓo daga wurin tela. Ki zauna kusa da ni, ki sake maimaita maganar shinkafar.