Fengwin ɗin Afirka na ƙarewa, amma ƙidayar sheƙarsa ta kai gwamnati kotu

A watan Oktoban 2024 ne ƙungiyar IUCN, wadda ke fitar da jerin halittun da ke cikin hatsari a duniya, ta saka fengwin ɗin Afirka a mataki mafi muni, wanda daga shi sai a ce babu tsuntsun a daji kwata-kwata. Cikin nau'in fengwin 18 da ake da su shi ne na farko da ya kai nan. Nasan mu nan Jos in aka ce fengwin ƙanƙara ke fara zuwa mana a rai, to wannan dai ɗan Afirka ne, a gabar tekun Afirka ta Kudu da Namibiya kaɗai yake yin ƙwai, bai iya tashi sai ninƙaya, tsayinsa bai wuce santimita 70 ba, kukansa kuwa kai ka ce jaki ne.

Alƙaluman suna da tayar da hankali. Farkon ƙarnin da ya wuce tsuntsayen nan sun haura miliyan ɗaya. A 1956 da aka yi ƙidayar farko ta sosai an samu ma'aurata masu sheƙa wajen 141,000, a 1993 sun koma kusan 44,000, zuwa 2023 kuma ba su cika 10,000 ba. Masanan da ke bin lamarin sun ce in aka ci gaba da tafiya a haka to zuwa 2035 za a iya rasa shi a daji. Yaron da ke firamare yau kafin ya gama jami'a an gama da shi kenan.

Kuma ba rana ɗaya aka kai shi nan ba. Tun ƙarni na 19 aka fara kwashe kashin tsuntsayen teku da ya taru a tsibiran ana lodawa a jirgi ana kaiwa Turai a matsayin taki, alhali cikin wannan tulin kashin fengwin ke haƙa rami ya sa ƙwansa, da aka kankare shi tas sai ya koma yin sheƙa a fili, rana ta dake shi, ruwan sama ya tafi da ƙwan, wasu tsuntsayen su sure ƴaƴan. Bayan haka aka shiga kwasar ƙwan kansa ana sayarwa, miliyoyi aka ɗiba daga tsibirin Dassen na Afirka ta Kudu kaɗai kafin a hana a ƙarshen shekarun 1960. Sai man jirage, a watan Yunin 2000 jirgin Treasure ya nutse tsakanin Dassen da tsibirin Robben, wancan da Mandela ya yi shekara 18 a ɗaure, mai ya shafe fengwin kusan 19,000, mutane suka fito sa kai suna wanke su ɗaya bayan ɗaya har aka ceci mafi yawansu.

Duk waɗannan ya sha su ya rayu. Abun da ke gamawa da shi yanzu yunwa ce. Abincinsa ƙananan kifaye ne, sadin da ancobi, su ne kuma manyan jiragen kamun kifi ke zagayewa da koma su kwashe, sadin a sa a gwangwani, ancobi akasari a niƙa shi ya zama garin kifi na abincin kaji da kifin kiwo. Tsuntsun da ke da ƴaƴa a sheƙa ba zai iya bin kifi ya yi nisa ba, yawanci kilomita 20 zuwa 40 ne iyakarsa dan dole ya dawo ya ciyar da su ya kuma karɓi abokin aurensa gadin sheƙa, to in jirgi ya riga shi share wannan ɗan yankin me zai kawo gida? Ga kuma lokacin saɓa gashi da yake shafe kusan mako uku a tudu bai shiga ruwa bai cin komai, in bai tara ƙiba kafin nan ba mutuwa zai yi a tsaye. Wallahi wannan ɓangaren shi ya fi taɓa ni.

Masu kamfanonin kifi suna da tasu hujjar, kuma ban ce a watsar da ita ba. Sun ce ɗumamar ruwan teku ta sa kifin ya matsa gabas, sun ce akwai dabbobin ruwa masu cin fengwin, akwai hayaniyar jiragen da ke shan mai a tsakiyar ruwa a mashigin Algoa tun 2016 wadda ta zo daidai da rugujewar garken fengwin na tsibirin St Croix da ke cikin mashigin, sannan akwai dubban mutane da ke ci da iyalinsu daga wannan sana'a. Duk gaskiya ne. Amma a ganina cikin duk waɗannan dalilai wanda gwamnati za ta iya gyarawa da sa hannu ɗaya shi ne inda jirgi zai jefa komarsa, ba a ce a daina kamun kifi ba, cewa aka yi a bar wa tsuntsun ƙofar gidansa. Namibiya ma ai ta ga ƙarshen kwasar ba lissafi, sadin ɗinta ya ruguje tun shekarun 1970, har a 2018 dole ta dakatar da kamunsa gaba ɗaya, masuntan da tsuntsun duk suka rasa.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne yadda aka ƙare. A Maris 2024 ƙungiyoyi biyu masu kare tsuntsaye, BirdLife South Africa da SANCCOB, suka maka ministar muhalli ta Afirka ta Kudu a kotu kan cewa yankunan da ta hana kamun kifi a cikinsu ba su kai su ceci tsuntsun ba. A Maris 2025 babbar kotun Pretoria ta tabbatar da sulhun da aka cimma da masu kamun kifin, aka hana kamun sadin da ancobi a kewayen manyan wuraren sheƙa shida na tsawon shekara goma. Me suka riƙe suka shiga kotu da shi? Lissafi. Shekara da shekaru ana shiga tsibiran nan ana ƙirga sheƙa, ana auna ƴaƴa a sikeli, ana liƙa wa iyaye na'ura a ga inda suke zuwa kiwo, tun 2008 ma ake gwajin rufe wani tsibiri a buɗe wani dan a ga bambanci. Ba wanda zai iya tsayawa gaban alƙali yace ai tsuntsun na nan lafiya.

Mu fa? Duk wanda ya girma a Jos ko Kano ko Bauchi ya san yadda ungulu ke cika mahauta da bayan kasuwa, yau sai ka yi shekara ba ka ga ko ɗaya ba, tun 2015 IUCN ta sa irin wannan ungulun tamu a mataki ɗaya da wanda fengwin ya shiga yanzu, guba da masu sayar da kanta da ƙafarta dan magani sun gama da ita a gaban idonmu. Amma ka tambayi nawa ne a da, nawa suka rage a Filato, amsar da za ka ji ita ce "da suna da yawa". Da wannan ba ka cin shari'a, ba ka ma iya sa kwamishina ya saurare ka.

Wani zai ce muna fama da kuɗin masara da taki ina mu ina tsuntsun teku, na gane, amma muna da gabar teku mai tsawon kilomita 853, akwai ƙaramin tsuntsun teku da ake kira Damara da ke ƙwai a can gabar Namibiya ya zo har bakin ruwan Legas ya yi wani ɓangare na shekara, kuma masana'antun garin kifi sun riga sun cika gabar Muritaniya da Senegal da Gambiya suna niƙa kifin da talaka ke ci. Inda tsuntsun teku ya fara rama, mai saye a kasuwa na biye.

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Nan Laminga kusa da dajin Amurum akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI ƙarƙashin Jami'ar Jos tun 2001, tana yaye masu digiri na biyu daga ƙasashen Afirka ta Yamma, daga nan ne kuma ake tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya wanda matasa ƴan sa kai ke fita da madubin hange da waya suna rubuta abin da suka gani. Masu ilimin muna da su. Abin da nake nema daga ma'aikatar muhalli a Abuja da ta jihohi shi ne a sa ƙidayar shekara-shekara cikin kasafin kuɗi, a gabar teku da dausayin Haɗeja-Nguru da mahautan manyan garuruwa, a ɗauki waɗannan yaran da aka horar su yi ta, sannan a riƙa wallafa sakamakon kowace shekara inda ɗan jarida da lauya da ɗan majalisa zasu iya buɗewa su karanta.