Hadarin gabas da hasashen da bai iso gona ba

Duk manomi a Ringim ko Gumel ya san hadarin kirki daga gabas yake tasowa. Iska ta taso da ƙura, mata su ruga kwashe shanya, kafin a ɗaure awaki ruwa ya kece. Sai dai hadarin nan ba a bayan gari ya haɗu ba. Da damina akwai wata igiyar iska da ke tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, ta nufo yamma, ta ratsa Chadi da ƙasarmu duk bayan kwana 3 zuwa 5, tana tattaro gajimare.

Idan ta wuce mu ba ta mutuwa. Takan fita ta gaɓar Senegal ta faɗa tekun Atlantika, in ta tarar da ruwa mai ɗumi wani lokaci sai ta rikiɗe ta zama guguwa. Haka guguwar Irma ta faro a ƙarshen Agustan 2017, kafin ta ragargaza tsibirin Barbuda da ke yankin Karibiyan ta afka wa jihar Florida ta Amurka. Mafi yawan manyan guguwoyin tekun nan daga irin wannan igiya suke fitowa.

Ita ma guguwar takan taɓa wuraren da ba ta taka ba. A Nuwamban 2014 guguwar Nuri ta tekun Pasifik ta bi ta gabashin Japan ta haura tekun Bering da ke tsakanin Rasha da Alaska, ta tunkuɗi wani zirin iska mai gudu da ke kewaya duniya can sama. Zirin ya lanƙwashe kamar igiyar guga da aka kaɗa daga baki ɗaya, motsin ya kai ɗaya bakin. Cikin kwanaki kaɗan sanyi mai tsanani ya sauko tsakiyar Amurka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, masana a Amurka suna bin sawun igiyar iskar nan ta damina da tauraron ɗan'adam tun tana kan Afirka, don su kare mutanensu. Mu da take bi ta kanmu kuwa, sai mutum ya sayar da tunkiya ya sayi buhun taki, ya watsa wa dawarsa da yamma, cikin dare ruwa kamar da bakin ƙwarya ya wanke shi tas. Mutanen Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa ba su manta ambaliyar 2022 ba.

Ruwa na Allah ne, babu mai ja. Amma wanda ya ɗaga kai ya duba gabas kafin ya fita gona bai yi saɓo ba, kuma aikin na'ura ke nan, sai dai ta fi ido hangen nesa.

NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma ta kyauta. Manomi dai ya fi buƙatar na kwana uku, da Hausa, a rediyo bayan Magariba, a ambaci ƙaramar hukumarsa da suna. Gwamnatocin Kano da Jigawa su biya kuɗin wannan fili, su kafa ma'aunin ruwan sama a makarantun sakandaren karkara, malaman gona su riƙa aika abin da aka auna kowace safiya.