Gwaggona ba mai shiru ba ce

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Gwaggo. Tun ranar da aka kai ta makwancinta, duk wanda ya zauna a tabarmar gaisuwa shaidarsa ɗaya ce: "Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri, ko bakinta ba a ji." Amin kawai nake cewa, don zaman makoki ba wurin musu ba ne. Amma a nan zan faɗa: wadda kuke yabo ita ce matar da ciwon ƙoda ya kwantar shekara huɗu. Ni wata na sani kafin ita.

Ƙanwar mahaifinmu ce. Da aurenta na biyu ya mutu, ba ta zauna jiran bazawari ba, akuya biyu ta sayar ta kama fatauci. Lokacin jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru yana tashe, a Malam Madori take hawa da kwandunan bandar kifin Haɗeja, ta sauke a Kano, ta juyo da atamfofin Kantin Kwari da kwanukan jere na amare. Da harkar jirgi ta mutu sai ta koma bayan akori-kura. Lahadi tana Gujungu, Alhamis tana Maigatari, wani zubin ta tsallaka har Damagaram ta zo mana da dabino da cuku.

Ina ɗan shekara tara ta fara tafiya da ni. Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa Babana take ce mini. A tasha wani ɗan kamasho ya so ya ninka mata kuɗin kaya. Ta gyara ɗamara, ta tura goro gefen kumatu, ta lissafa masa abin da ake biya a kowace tasha daga nan har Gumel. Mutumin da kansa ya ɗora kayan yana dariya yana ba ta haƙuri. To wannan ce ba a jin bakinta?

A ƙauye kuwa ba abin da ba a ce ba. Mai ƙafar yawo, idonta ya buɗe, wa zai iya da ita. Amma da damina ta faɗi ana neman kuɗin taki, ko an sa ranar yarinya babu gado babu katifa, lalitar nan da take ɗaurewa a ƙugu ita ake zuwa yi wa sallama bayan isha'i. Kuɗin jarrabawata ma a ciki suka fito.

Ciwo kam ya ci ta. Wankin ƙoda sau biyu a mako a Kano, gona ta tafi, tumaki suka bi. Ruwan sha ma sai an auna mata a ɗan kofin silba. Abin da na kasa jurewa ƙafafunta ne, masu kaushin nan da suka taka kasuwanni, sun kumbura har silifas ya daina shiga. Duk da haka in na shigo, kafin ta amsa gaisuwa sai ta ce, "Babana, nawa buhun riɗi ya kai a Gujungu?"

Ba na raina haƙuri, kuma ta yi shi, Allah ya sa kaffara ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, namiji in ya rasu sai a ce jarumi ne, mai neman na kansa, mace kuwa ko ta riƙe gida uku da guminta, iyakar shaidarta ba ta da baki. Jikokinta ƙanana a kwance suka san ta, mu ma mu ƙara binne musu sauran?

Saura kwana biyar ta cika ta sa na zauna, ta lissafo mutum goma sha ɗaya da take bi bashi, da ka, har da canji. Na ce in karɓo? Ta ce ta yafe, amma in bi su ɗaya bayan ɗaya in gaya musu ba mantawa ta yi ba. Na je wa takwas. Allah ya jiƙanki da rahama, Gwaggo, sauran ukun sai ranar kasuwa.