Daren da na mayar da kifi ruwa

A Yawuri aka haife ni, a gidan da ƙarnin kifi ba ya barin tufafi. Kawuna masunci ne, kakana ma da su ya ci ya sha, kuma tun ban shiga makaranta ba na iya zaman kwalekwale. Yanzu shekarata tara a jihar Minesota ta Amurka, ƙasar da tafkunanta suka haura dubu goma, amma sai a hunturun da ya wuce na yarda na bi wani abokin aikina, dattijon Bature, zuwa kamun kifin dare a kan ƙanƙara. Tun da na dawo abu guda ke ci mini rai, shi ya sa na ce bari in faɗa wa mutanen gida.

Daga Miniyapolis muka yi tafiyar kusan awa biyar arewa, zuwa tafkin Red Lake. Da muka isa bakin ruwa bai tsaya ba, ya biya kuɗin hanya ya hau tafkin da motarsa, ni kuwa sai salati nake. Hukumar kula da albarkatun jihar ta ce in kaurin ƙanƙara ya kai inci 4 mutum zai iya takawa, mota kuwa sai ya kusan ƙafa guda. Ranar ya haura ƙafa biyu. Titi ne sosai aka share a kan ruwa, ga ɗakuna birjik kamar an kafa sabon ƙauye, kowanne da hayaƙinsa. Wanda muka kama haya yana da gadaje biyu, da murhun gas, da ramuka a daɓe. Ya ɗauko injin huda, ya fasa ƙanƙarar ta cikin kowane rami, baƙin ruwa ya bulbulo.

Kifin da suke nema sunansa wolai, shi ne kifin jihar a hukumance tun 1965. Dogo ne, ruwan zinariya da kore, idonsa yana ƙyalli kamar na kyanwa in an haska ta da tocila. Wannan idon ne sirrinsa. Yana gani a duhun da ƙananan kifi ba sa gani, shi ya sa yake farauta da magariba, da dare, da kuma asuba. Don haka masu neman sa suke kwana. Ana maƙala ɗan ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya, a sauke shi dab da ƙasan tafkin, a naɗe zaren a wani faifai mai ƙararrawa da ke manne da bango. Mutum ya hau gado ya yi barcinsa, kifin ne zai tashe shi.

Ni barcin bai zo ba. Ƙanƙara tana da murya, abin da babu wanda ya gaya mini. Can cikin dare sai ka ji wani gurnani ya taso daga nesa ya wuce ta ƙarƙashin gadonka. Dattijon ya ce in kwantar da hankalina, sanyi ne ke ƙaruwa, ƙanƙarar tana ƙara kauri. Na yi alwala da ruwan fulas, na shimfiɗa darduma, na yi sujada ina sane da cewa abin da ke tsakanin goshina da ruwa bai kai tsawon hannuna ba.

Wajen ƙarfe biyu ƙararrawar da ke kusa da kaina ta kaɗa. Na diro, na kama zaren da hannu, na ji nauyin nan da duk ɗan masunta ya sani. A hankali na ja har kansa ya leƙo cikin ramin. Dattijon ya shimfiɗa shi a kan ma'auni, inci 23. A hunturun nan dokar tafkin ta ba kowa kifi huɗu, ɗaya kacal daga ciki aka yarda ya wuce inci 17, ni kuma na riga na ajiye babban nawa tun magariba. Ya ce mace ce, dubi cikinta, ƙwai ne a ciki. Ya miƙo mini ita ya nuna ramin. Babu ma'aikacin gwamnati, babu mai ganinmu sai Allah. Na riƙe ta da hannu biyu, na sa kanta a ruwa, ta kaɗa wutsiya sau ɗaya ta ɓace. Wallahi har cikin zuciyata na ji zafin abin.

Kashegari na buga wa Kawu waya. Bayan gaisuwa na ba shi labari, sai ya ce, “Kai ɗan nan, Allah ya kawo maka rabonka har hannu ka mayar? Ko sanyin ƙasar ne ya taɓa ka?” Na fahimce shi, kuma ba zan yarda kowa ya raina maganarsa ba. Baturen nan kamun nishaɗi yake yi. Kuɗin da muka kashe a mai da haya da lasisi ya ninka kuɗin kifin da muka kawo gida, kuma doka ta hana shi sayar da ko ɗaya. Masuncin Yawuri kuwa in ya dawo hannu wofi, ranar ba a ɗora tukunya ba. A ce wa mai yunwa ya saki kifi magana ce mai nauyi. Su nan yankan gefe biyu kawai suke cirewa su zubar da kai da ƙashi, ni na tattara kawunan na zo na yi farfesu. A wajen sanin darajar abin da aka kama, mun fi su nesa ba kusa ba. Haka ma sanin ruwa. Shi na'ura yake kallo ta nuna masa kifi a allo, Kawu kuwa launin ruwa da motsin tsuntsu suke gaya masa inda zai jefa birgi.

Amma tarihin tafkin da na kwana a kai ya hana ni fakewa da talauci. Mafi yawan Red Lake mallakar ƙabilar Ojibwe ne, 'yan asalin ƙasar, kuma ba masu kuɗi ba ne. Tun 1917 ake kama wolai a can don sayarwa, da shi gidaje da yawa suke ci. A shekarun 1990 kifin ya kusan ƙarewa saboda yawan kamu, ta ɓangarensu da ta ɓangaren jiha. A 1997 masuntan ƙabilar da kansu suka tsayar da sana'ar. A 1999 jiha ta rufe nata ɓangaren, aka haɗa hannu da gwamnatin tarayya aka zuba miliyoyin 'ya'yan kifi har sau uku, aka bar ruwa ya huta. Sai a 2006 aka sake buɗewa. Kifin da na riƙe a daren nan ɗiyar wancan haƙurin ce. Mutanen da suka yi shi sun san yunwa, sai dai shugabanninsu ne suka yanke shawarar, ba wani ya aiko musu da takarda daga birni ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Me ya sa ake fito da giwan ruwa mai girman mutum a bikin Argungu? Saboda kogin Matan Fada a rufe yake duk shekara, babu mai sa homa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Kabawa suna da fashin ruwa tun kafin bikin ya ɗauki siffarsa ta yau a 1934, kuma ma'anarsa ita ce ruwa yana da lokacin rufewa da lokacin buɗewa. Abin da Minesota take yi ke nan in ta hana kama wolai daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Mayu don ya yi ƙwai. Su sun rubuta a littafi sun sa tara, mu muka mayar da namu abin kallon baƙi na rana ɗaya.

Je ka bakin Kwara yau ka ga abin da ake fitarwa. Karfasa kamar yatsa biyu, 'ya'yan giwan ruwa da ko tafin hannu ba su cika ba, an zube su a faranti ana ciniki. Na ga gidan sauron da aka raba don mata masu ciki ya koma raga. Na ga tafkin fadama da aka zuba wa maganin ƙwari gamalin, komai ya taso ciki sama, har kwaɗi. Mai karɓar kuɗin lasisi yana zuwa ya karɓa ya tafi, ba a taɓa ganin kuɗin sun dawo ruwa ba. A nan kuɗin lasisin da na biya asusun kifi da namun daji suke shiga, da su ake ƙirga kifin tafki a san nawa za a bari a ɗiba. Ni a ganina Sarkin Ruwa ya kamata a mayar wa ƙarfinsa, gwamnati ta tsaya a bayansa, a rufe fadamu in ruwa ya fara hawa kifi na shiga ciyawa yin ƙwai, a hana raga mai ƙananan ido, kuma a watannin rufewar a samar wa masunta abin da za su riƙe gida da shi daga kuɗin da su suka biya.

Na faɗa wa Kawu wannan duka a waya ta biyu. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ya ce a zamanin mahaifinsa wanda ya sa kalli a fadama da farkon damina, Sarkin Ruwa ƙwace ragar yake yi, kuma ko kai ƙara ba a yi. Ya ce raga mai manyan ido tana nan a kasuwa, amma in shi kaɗai ya saya, maƙwabcinsa ne zai kwashe abin da ya bari. Na ce to, Kawu, in na zo hutu a tara su gaban Sarkin Ruwa a yi magana. Ya ce Allah ya kawo ni lafiya, amma in yi ƙoƙari in iso kafin ruwa ya fara hawa.